Ranar da Na Shafe Bangon Tasha da Hannuna

Kun zo kuna nuna mini yadda ake danna wuri ɗaya a waya, hoton mutum ya fara motsa baki yana rawa, kuna cewa, to Baba Yohanna, me ya rage a sana'ar katun? Na gani. Ku ajiye wayoyin a kan benci, ku matso. Ku yi hankali da gwangwanin jan fentin nan, ba shi da murfi.

Aikin farko da aka bar ni na yi da hannuna allon wani mai aski ne a bayan tashar jirgin ƙasa. Lokacin ina ƙarƙashin Oga Sunday, mutumin kudu wanda aikin reluwe ya kawo mahaifinsa Kafanchan, shi kuma ya zama mai rubuta alluna da zanen jikin motoci. Na daɗe a wurinsa ban taɓa allo ba. Aikina wanke buroshi da kananzir, tace fenti da tsohuwar safa, da riƙe zaren da ake turbuɗa wa alli a ɗana shi a jikin katako don layi ya miƙe. Da ya ba ni allon mai askin, sai na zana kawuna, kowanne da irin askinsa. Ɗaya daga cikinsu na ba shi kunnuwan wani hedimasta da duk gari ya sani. Kafin la'asar yara sun cika wurin suna dariya. Oga Sunday bai yi dariya ba. Ya miƙo mini buroshi ya ce, "Kai yaro, gyara kunnen nan. Mutumin da ka zana, gobe za ka gamu da shi a kasuwa. Ka shirya?" Ban shirya ba. Na rage kunnuwan.

Haka na yi ta rubuta alluna, na coci da na masallaci, na masu chemis da na gidajen abinci, har injin buga bana, wato allon talla na leda, ya shigo gari. Abin da nake yini ina rubutawa, injin zai fitar da shi kafin ka gama cin masara. Da yawa cikinmu suka koma okada ko gona. Ni na tafi Jos na koyi zane a kwamfuta a wurin wasu 'yan mishan, da furfura a gemuna, ina zaune cikin sa'o'in 'ya'yana. Na dawo da tsohuwar kwamfuta tokumbo da wani ɗan faranti na lantarki da ake zane a kansa da alƙalaminsa. Bakin alƙalamin yana cinyewa kamar alli. Da ya ƙare, babu mai sayar da irinsa a nan, sai na fere tsinken sakace na cusa. Har yau da shi nake aiki.

Abin da wayarku ba ta gaya muku ba shi ne, mutumin katun ba ya tafiya sai ka koya masa. Taku ɗaya zane ne bayan zane, ƙafa ta ɗaga, nauyi ya koma ɗaya gefen, kafaɗa ta bi. In ka yi kuskure sai ya riƙa sulɓi kamar wanda ya taka kuɓewa. Baki kuma ya fi ƙafa wuya. In mutum zai ce "Baba", dole leɓɓansa su haɗu sau biyu. Wancan ɗakin na kusurwa da kuke gani, mai ƙofar falanki, wanda aka lulluɓe da tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai, nan muke ɗaukar murya. Sai an kashe janareta, a jira zakaran maƙwabta ya yi shiru, a jira mai injin niƙa ya tafi cin abinci.

Ni zane na iya, ban iya ba'a ba. Mai ba'ar ita ce Malama Rifkatu, malamar firamare daga Kagoro, wadda take tsara wasan kwaikwayo wa zumuntar mata a cocinsu. Ita ta ƙirƙiro Tura-Gaba, mutumin da duk saƙon da ya faɗo wayarsa sai ya tura wa duniya tun bai karanta ba. Ni kuma na ba shi babban yatsa mai girman doyar Kagoma, wanda yake ɗaure shi da majanyi in zai hau mashin. Fastoci suka fara zuwa a yi musu fim a kan masu latsa waya lokacin wa'azi. Manoman citta suka zo a yi musu a kan masu sayen kaya da alat ɗin banki na ƙarya. Wani limami ya aiko a yi masa a kan 'yan damfarar da suke kira su ce ka ci kyauta, ka turo lambar sirri. Duk mun yi. Mutane suna dariya, wasu kuma suna gane kansu su yi shiru.

Aikin da ya fi kowanne suna shi ne na saniya. Gajere ne. Makiyayi yana tafe da kansa a cikin waya, saniyarsa ta shiga gonar masara. Manomi ya fito, maimakon ya kore ta, sai ya ciro tasa wayar ya fara ɗaukar makiyayin. Makiyayin shi ma ya juya yana ɗaukar manomin. Kowa yana ihu yana cewa duniya ta zo ta gani. Saniyar ta cinye gonar tas, ta juyo ta dube mu ta ce, "Ni dai na ƙoshi. Ku ci gaba da ɗauka."

Muryar saniyar ta Malam Buba ce, Bafulatanin da yake noma da kiwo a wata ruga da ke bayan gari tun zamanin kakansa. Allon shagon maganin dabbobi na ƙanensa ya kawo shi wurina. Malama Rifkatu ta ji yadda yake jan magana a hankali, ta ce wallahi, ko da yake ba ta saba rantsuwa ba, wannan muryar take nema. Ya ce shi da ya yi shekaru yana yi wa shanu magana, yau ga shi zai rama musu. Fim ɗin ya zaga gari. Har mai wani sito na hatsi a bakin tasha ya ba mu bangonsa, na kafa tsani na zana manomin da makiyayin da saniyar a tsakiyarsu, manya-manya, da fentin mai. Direbobi suka riƙa kwatance da wurin. A sauke ni a saniya.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ba sai na ba ku labarinta ba, wasunku sun kwana a makaranta tare da iyayensu a lokacin. Aka kai hari wani ƙauye da damina, aka binne mutane da yawa. Gari ya ɗauki zafi. Kowa wayarsa a hannu, kowane guruf na hira a waya yana tafasa da hotuna, na jiya da na wata ƙasa duk a haɗe.

Wata safiyar Laraba ina gyara janareta, sai ga Malam Buba ya shigo ta ƙofar baya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya miƙo mini waya.

Fim ɗinmu ne, zanena ne, amma an yanke farkonsa, an cire muryoyinmu an sa wasu. Manomin yana zagin Fulani, yana cewa a ƙone ruga da duk abin da ke cikinta. A ƙarshe ga sunan shagona kamar yadda nake sawa.

"Matasanmu sun gani," in ji shi. "Sun san ina zuwa nan. Na ce musu ba haka aka yi shi ba, wasu sun ji, wasu ba su ji ba. Na ce bari in zo in faɗa maka ka rufe shago."

Bai rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Malama Rifkatu ce daga makaranta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baba Yohanna, ka ga abin da ake turawa a guruf ɗin coci?"

"Na gani. Malam Buba ya kawo mini."

"Wanne ya kawo maka? Wanda makiyayin yake dariya yana cewa gonarku ta zama tamu, kaburburanku ma shanu za su taka?"

Ashe iri biyu aka yi. Zane ɗaya, murya biyu, kowane ɓangare an aika masa wanda zai ƙona shi. Har yau ban san wanda ya yi ba.

"Malam Buba yana nan wurinka?" ta tambaya. "Yesu. 'Yan okada sun taru a mahaɗa, an ce shagonka za su."

Ina ajiye wayar na ji su. Ƙarar mashin da yawa ba ta kama da ta kullum, tana zuwa kamar ruwan sama a kan kwano. Mashin ɗin Malam Buba yana lungun baya, amma lungun titi ɗaya yake fita, titin da suke tahowa. Na buɗe ɗakin ɗaukar murya na ce ya shiga. Ya dube ni, ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya shiga. Na ja ƙofar falankin, na jingina tsani a jikinta.

Wanda ya fara shigowa Luka ne, shugaban 'yan okada na tasha. Na san shi tun yana cikin mawaƙan kwaya a coci, ni na rubuta lambobin rigunan 'yan okadan. Ƙanwar mahaifiyarsa tana cikin waɗanda aka binne. Idonsa ja, gora a hannunsa. Bayansa shagon ya cika har hasken ƙofa ya toshe, wani yana riƙe da jarka.

"Oga Yohanna, kai ne ya yi wannan fim?"

"Zanen nawa ne. Maganar ba tawa ba ce."

"Sunan ka ne a ƙarshe ko ba sunan ka ba?"

"Sunana ne. Luka, ka ga na asalin, kai da kanka ka yi dariya a bencin nan. Bari in kunna maka."

Babu wuta, janareta a kwance, sai batirin da nake ajiyewa don ɗaukar murya. Kwamfutar ta ɗauki lokacinta tana tashi kamar yadda ta saba. Ina jin warin fetur daga jarkar, ina kuma jin katifar ɗakin kusurwa tana ɗan motsi, ko kuwa kunnena ne. Na matsa na tsaya tsakaninsu da tsanin.

Fim ɗin ya fara. Manomi ya ɗaga waya, makiyayi ya ɗaga tasa. Saniya ta juyo ta yi maganarta. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

"Wannan murya," in ji Luka. "Hausan Fulani ne. Wane ne?"

"Muryar saniya ce."

"Oga, kada ka yi mini wasa yau. An ce akwai wani da yake zuwa nan. Ina yake?"

"Masu zuwa nan suna da yawa. Fasto yana zuwa, liman yana aikowa. Kai ma kana zuwa."

Mai jarkar ya ce a bar dogon turanci, ko na asali ko na jabu, ai da bai zana ba da ba a samu abin da za a sa wa murya ba. Wasu suka amsa. Ɗaya ya kai gora ya share kwalaben fenti daga kan kanta, suka tarwatse a ƙasa. Wani ya fara duba bayan alluna. Tsakaninsa da tsanin bai fi tsawon benci ba.

Sai na ɗaga murya na ce, "Abin da ke cikin kwamfuta ya riga ya fita, ko kun ƙona shagon yana cikin wayoyinku. Amma bangon tasha yana nan, matan da aka kashe wa maza suna wucewa ta gabansa. In shi ne ciwon, ku zo mu je. Ni na zana, ni zan shafe, kuna kallo."

Luka ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗauki fentin ka."

Na ɗauki babban bokitin farin fenti. Rolar shafa fenti tana rataye a gabana, na bar ta, na zaɓi ƙaramin buroshin da nake rubuta harufa da shi, na sa a aljihu tare da wani matsakaici. Tsani kuwa na ce nawa ya karye, a ari na mai sito. Na jira kowa ya fita, na kulle ƙofar gaba da kwaɗo. Da na sunkuya kamar ina gyara igiyar takalmi, na tura wa Malama Rifkatu kalma uku: ƙofar baya, yanzu.

Suka sa ni a tsakiya har tasha, ni a ƙasa da bokiti, su a kan mashina. Kasuwa ta watse ta biyo mu. Da na hau tsanin na waiga, ban ga ƙasa ba sai wayoyi a sama, kowa yana ɗauka.

Duk wanda ya koyi fenti ya san yadda ake rufe bango da sauri. Ni ranar na yi amfani da duk abin da na sani don in yi a hankali. Na fara daga kusurwar sama inda babu komai sai gajimare. Na tsoma buroshi rabi-rabi. Na sauko na ce fentin ya yi kauri, a kawo ruwa. Na koma na bi gefen hular makiyayin kamar mai yi masa aski. Rana ta take, gumi yana shiga idona. Wani ya jefo dutse ya sami bokitin.

"Oga, kana ɓata mana lokaci!" in ji mai jarkar. "Wasu su koma shagon!"

"In na yi sauri zanen zai fito ta ƙasa in ya bushe," na ce. "Fentin mai ne. Kuna so gobe ku gan shi yana leƙenku?"

Wannan gaskiya ce, kuma a cikinsu akwai wanda ya taɓa aikin gini, ya ce haka ne. Luka ya ɗaga hannu, suka tsaya. Na shafe makiyayin, na shafe manomin. Ina kan ƙahon saniyar wayata ta yi motsi a aljihu sau ɗaya ta tsaya. Filashin ne, alamar da nake jira. Ban duba ba. Na karɓi rola daga hannun mai sito na gama sauran kafin a ƙirga kuɗin mota.

Daga baya na ji yadda aka yi. Malama Rifkatu ta bar ajinta, ta tsayar da motar zumuntar mata da ke dawowa daga gaisuwar makoki, ta sa direban ya shiga lungun da baya. Malam Buba ya zauna a ƙasan mota tsakanin ƙafafun mata, suna rera waƙar ta'aziyya har suka wuce shingen matasa. A bakin hanyar rugarsu suka sauke shi. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi gabas. Mukan gaisa a waya lokacin Sallah da Kirsimeti.

Shagon bai tsira gaba ɗaya ba. Da yamma wasu suka fasa kwaɗon suka farfasa kwamfutar. Aikin shekaru yana cikinta. Fastoci suka daina zuwa, limamin ma bai sake aikowa ba. Hukumar makaranta ta ja wa Malama Rifkatu kunne. Sauran shekarar nan aikin da na samu ɗaya ne, rubuta sunaye a jikin gicciyen katako, fari a kan baƙi, ranar haihuwa da ranar rasuwa. Shi ma aiki ne da ke son hannu ya tsaya cik, don iyalan suna tsaye a kanka suna duba kowane harafi.

Bayan damina ta sake zagayowa, ina zaune ina fere tsinke, sai ga Luka, shi kaɗai, babu gora. Ya gaishe ni har ƙasa. Ya ce ƙanensa Ayuba yana asibiti. Wani ya ɗauki hotonsa yana sauke fasinja kusa da ruga, ya rubuta a ƙasa cewa shi ne mai kai wa maharan labari. Hoton ya zaga. Aka tare shi a kan hanyar Kagoma aka karya masa ƙafa biyu. Waɗanda suka yi, 'yan unguwarsu ne.

"Ni ma hoton ya shigo wayana," in ji shi. "Ban duba fuskan ba. Na ga rubutun kawai, na tura."

Na ajiye tsinken da nake ferewa.

"Baba, ina so ka yi mana fim. Irin na Tura-Gaba. A nuna wa yaran mu."

Na ce kwamfutar da nake da ita yanzu ta aro ce, tana tafiya kamar hawainiya, amma za ta yi. Na ce sharaɗina ɗaya, ba zan nemo wani ya yi muryar ba, shi zai yi. Na buɗe masa ɗakin kusurwa.

Malama Rifkatu ta rubuta maganar, gajera. Tura-Gaba ya tura hoto ya koma cin tuwonsa, sai aka shigo da wanda aka daka saboda hoton, an ɗauko shi a kan ƙofa, ya ɗaga mayafin ya ga ɗan uwarsa. Layin ƙarshe kawai zai ce, "Ai ban duba ba." Luka ya yi ta gwadawa, duk lokacin da ya iso wurin sai muryarsa ta karye. Ya ce a sake. Malama Rifkatu ta cire abin ji daga kunnenta ta ce ba za a sake ba, wannan ɗin za a bari. Na zana bakin ya bi karyewar muryar, ya buɗe ya kasa rufuwa.

A zauren ƙungiyar 'yan okada muka haska shi da majigi, ranar Asabar da rana, an toshe tagogi da buhuna. Ayuba yana gaba da sandunansa. Da Tura-Gaba ya fito da yatsansa a ɗaure da majanyi, zauren ya fashe da dariya. Wani matashi a gefena ya ciro waya ya fara ɗauka daga nan. Luka ya taso daga kujerarsa ya riƙe masa hannu. Na ɗauka ƙwace wayar zai yi.

Sai ya juyo wurina ya ce, "Baba, mayar da shi farko." Ya dubi yaron. "Ɗauka. Amma daga farko za ka fara, kuma hannun ka ba zai sauka ba sai ya ƙare."

Na mayar da fim ɗin farko. Yaron ya ɗaga wayar da hannu biyu.